Wanda Aka Ci Shi Ke Tuƙa Tuwo

"Ba mu yarda ba," na ce, tun shugaban lajna, wato kwamitin gasarmu, bai gama karanto sabon jadawalin ba.

Ya ɗago kai daga wayarsa ya dube ni ta saman tabarau. "Kaftin, bari in kai ƙarshe mana."

"Kai ƙarshe, ustaz. Amma dai ba mu yarda ba."

A ɗakin bayan wani shagon ɗinki muke a unguwar Mansur da ke Makka, bayan la'asar, an jera mu a kan darduma kamar masu jiran rabon zakka. Kaftin-kaftin ne na duk ƙungiyoyin da ke buga gasar ƙwallon Hausawan Makka, wadda muke ce wa dauri. Ni ne kaftin ɗin samarin Mansur. Kashi biyu ne mu a gasar nan tun asali. Akwai ƙungiyoyin ɗalibai, waɗanda suka zo daga Najeriya karatun addini a kulliyoyi. Akwai kuma na hara, wato unguwa, mu ke nan da aka haifa a nan, waɗanda kakanninmu suka biyo ta Cadi da Sudan suka zauna. Da can babu wani bambanci, kowa na bugawa da kowa, Juma'a bayan la'asar, har a samu mai ɗaukar kofi.

Abin da ustaz ya karanto shi ne an raba mu gida biyu. Ɗalibai su yi rukuninsu, 'yan hara mu yi namu. Wanda ya fito a nan da wanda ya fito a can, su za su haɗu a wasan ƙarshe. Shi ke nan.

Kuma kada in zalunce shi, yana da hujja. Ustaz mutum ne mai tsari, digiri na uku yake yi, ko takalminsa a ƙofar masallaci a jere yake ajiyewa. Ya ce ƙungiyoyi sun yi yawa, Juma'a kuwa ba ta ƙaruwa. Ya ce ɗalibai in jarrabawa ta zo ba a ganinsu, mu kuma in mausim ya matso, wato lokacin aikin Hajji, rabin 'yan wasanmu sun tafi Arfa da Mina wankin tantuna, ɗaukar kaya, aikin kicin, tuƙin mota. A 'yan shekarun nan kuma jarrabawar da mausim sun zo sun manne da juna. Shekarar da ta gabata an yi ta ɗage wasa har mutane suka manta wa ke gaba wa ke baya. Duk gaskiya ne, ina wurin aka yi.

Na ce, "To wasanmu da ɗaliban Utaibiyya fa?"

"In kun fito daga rukuninku, su ma suka fito daga nasu, sai ku haɗu a ƙarshe."

Kaftin ɗin ɗaliban unguwar Utaibiyya, wani dogon Basakkwace mai karatun hadisi, ya kwashe da dariya har hularsa ta zame. "Mu hito? Ustaz, ka taɓa ganin 'yan bayanmu suna gudu kuwa? Wallahi ko rukunin tsohwi kas sa mu, ba mu hitowa."

Aka yi dariya, aka ce wanda ya yarda da jadawalin ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi kamar ana rabon ruwan sanyi. Ni da Basakkwace ne kawai namu ke kan gwiwa. Ustaz ya ce, "Jama'a sun yi magana." Na ce, "Sun yi. Mu ma mun yi tamu."

Bari in gaya muku mene ne wasan nan, don na san wani zai ce ƙwallo ce kawai a filin ƙasa.

Babana ne ya fara shi. Shi ma a Makka aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba. Tsire ya sayar a Mansur tun yana saurayi, wanda Larabawan nan ke ce wa siriyya. Wani ɗalibi Bakano da ke zuwa sayen nama a wurinsa ya riƙa tsokanarsa cewa 'yan Makka ba su iya komai ba, ba Hausa, ba ƙwallo, ba tuwo. Baba ya ce a haɗu a fili. Suka sa sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne har yau: wanda aka ci, shi zai dafa wa wanda ya ci abincin gidansu, da hannunsa, ba uwa ba mata. In ɗalibai suka ci mu, mu 'yan Makka za mu tuƙa tuwo mu kaɗa miyar kuka. In mu muka ci su, su za su dafa mana salig, shinkafar nan tamu ta Hijaz da ake dafawa da romon kaza da madara. Ana yinsa ne a Juma'ar ƙarshe kafin mu fita aikin mausim su kuma su hau jirgin gida. Da aka kafa dauri daga baya, sai aka saka wasan a ciki, a ranarsa, ba wanda ya taɓa motsa shi.

Ban san ko kun taɓa cin salig ɗin ɗalibin fiƙihu ba. Kunu ne da ƙashin kaza. Su kuma sun ce tuwonmu in aka jefi shaiɗan da shi a Jamra ba zai ƙara dawowa ba.

Baba shi ne alƙalin tukunya. Shi ke fara kai loma, shi ke yanke hukunci. Tunda ɓarin jikinsa ya shanye ya bar tukubar tsire, wuri biyu kawai yake zuwa: masallacin da ke bakin layinmu, sai wasan nan. A gida Larabci ya cinye mu, ƙannena in ya yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, ni ma rabi da rabi nake yi. Ranar nan ce kaɗai yake zama a tsakiyar mutanen da Hausa ke fita daga bakinsu ba tare da sun tsaya nemanta ba. Sai ka ji shi yana fito da kalmomin da ban taɓa ji a bakinsa ba, na kakansa, har ɗaliban su ce, "Baba, wannan ai ko a gida an daina faɗarta." Ya dawo gida ya yi mako yana maimaita hirar. Wannan ranar ce jadawalin ustaz ya share, ba da mugunta ba, layi ne kawai bai samu gurbi ba.

Aka fara sabuwar kaka. Rukunin hara ba daɗi, wallahi. Duk wanda ka tare a fili ko ɗan gwaggonka ne ko wanda kuka yi makaranta tare. Zagi iri ɗaya, da Larabci iri ɗaya. Ba mai ce maka "kai ɗan Makka, ce ƙwallo mu ji" in ka zubar da bugu. Amma abin haushin, sai muka riƙa ci. Mu da ba mu taɓa ɗaga kofin nan ba, sai ga mu a sama. Golanmu, ɗan kawuna ne, ya zama bango, ko iska ba ta wuce shi. Ya fara maganar inda za a ajiye kofin, wai a shagon wanzamin da muke zama.

Sai jadawali ya yi abinsa. Wasan da zai fitar da gwanin rukuninmu, mu da wata ƙungiyar hara, ya faɗo daidai a Juma'ar ƙarshe kafin mausim. Ranar Baba. Ɗaliban Utaibiyya kuwa tuni an koro su daga nasu rukunin kamar yadda kaftin ɗinsu ya yi alkawari, suna zaune ba aiki.

Basakkwace ya kira ni ina shago, kayan waya nake sayarwa. "Ɗan Makka, mi kac ce? Juma'a ta gaba mun ƙare jarrabawa, bayanta kowa ya kama hanyar gida. Wagga Juma'a ɗai ta rage muna."

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Na lissafa duk wata dabara. Sauran ranaku mu muna shago. Da safe? Je ka tashi ɗan Mansur da safen Juma'a ka ga abin da zai same ka, ga rana kuma da ke narka takalmi. Bayan magariba tsohon filinmu ba fitila, kuma lokacin tukunya ne. La'asar ɗaya ce, ba za ta rabu biyu ba.

Na je wurin ustaz bayan sallah na tare shi yana saka takalminsa. Na ce a ɗage mana namu wasan.

"Zuwa yaushe, kaftin? Bayan nan ku kanku ba ku nan. Wasan ƙarshe ma sai bayan Hajji za a yi shi. In na ɗage muku, gobe wani ya zo da bikin ƙanwarsa, jibi wani da sunan ɗansa. Abin da muka gudu ke nan."

"In ba mu zo ba fa?"

"An cinye ku a takarda, kuma kaka mai zuwa ba ku ciki. Dokar da kuka sa wa hannu ce."

"Hannuna bai tashi ba ranar nan, ustaz."

"Bai tashi ba, amma ka zauna ka sha shayin lajna."

Ya fi ni baki. Na tafi.

Da na faɗa wa 'yan wasa a guruf ɗinmu, wayata ta kusa kama wuta. Gola ya turo murya mai tsawo, rabi Hausa rabi Larabci. "Ya akhi, kofi ne fa! Kofi! Tuwo kuwa ko gobe ka ce Umma ta tuƙa maka. Mun yi kaka guda muna cin ƙasa, yanzu ka ce mu watsar saboda miyar kuka?" Wani ya ce a bar wasan Baba sai baɗi. Na ce baɗi ma jadawalin nan ne, bayan baɗi ma shi ne, abin da aka tsallake sau ɗaya ya tafi ke nan. Mai tamis ɗinmu, ɗan bayanmu mai tumbi, wanda ke gasa burodin da ake ce wa tamis a bakin titi, ya ce shi dai duk inda za a ci abinci can zai je.

Abin da ya fi min ciwo, labari ya kai wa Baba. Na shigo gida ya kira ni, yana kishingiɗe a falo, sandarsa a gefe.

"Ya walad, zo nan. Na ji kana rigima da jama'a."

"Ba rigima ba ce, Baba."

"Ka je ka buga wasan kofinka. Ni na ci nawa zamanin. Mutum ba ya fita daga jama'a saboda tsoho ɗaya."

Na ce to. Ba a musu da Baba. Na wuce kicin neman ruwa, Umma tana yanka albasa, ba ta ko dube ni ba ta sa ƙafa ta turo ƙofar kabad ta ƙasa. Ga leda ƙulle da garin kuka, ga daddawa a nannaɗe, ga barkono. Ta ce, "Tun watan jiya ya aiki ƙaninka wurin matar nan ta bakin kasuwa. Kullum sai ya tambaye ni ko ɓera bai taɓa ba."

Na tsaya ina kallon ledar. Abu biyu na gane a lokaci ɗaya. Na farko, tsohon nan yana jiran ranarsa kamar yadda yaro ke jiran Sallah. Na biyu, ko a shekarar da muke saman tebur, ubana bai yarda za mu ci ɗalibai ba, kuka ya saya. Na yi dariya har Umma ta ce in fita mata daga kicin.

Na rubuta a guruf: ranar Juma'a bayan la'asar ina tsohon fili bayan dutse. Ban tilasta wa kowa ba. Wanda kofi yake so, ga hanya, Allah Ya ba da sa'a.

Ranar ta zo. Na ari motar maƙwabcinmu na ɗauko Baba. Da ya ga mun bar titin da ke zuwa filin dauri mun karya ta bayan dutse, ya juyo ya dube ni. Na ƙi kallonsa, idona a kan hanya. Ya ce, "Kunnen ƙashi gare ka." Na ce, "Gado ne, Baba." Sai ya gyara hularsa a madubi.

Yawancin yaran sun biyo ni. Gola da wasu kaɗan suka tafi filin dauri, suka sa riga suka tsaya, ba su cika adadi ba, alƙali ya busa aka ba wa abokan karawarmu wasan. Ina fili saƙon gola ya shigo, kalma ɗaya ta Larabci da ba zan rubuta a nan ba. Na kashe wayar na jefa cikin jaka.

Ba mu da gola, sai muka sa mai tamis a raga bisa hujjar cewa ya fi kowa cika ta. Ɗaliban nan da ba su ci kowa ba duk kakar, ranar sai suka zama wasu halittu. Haka suke kullum in mu ne. Basakkwace ya yanke ni, ya dawo ya sake yanke ni, yana cewa, "Ɗan Makka, ka iya riƙe muciya ko in nuna maka?" Na ce masa ya je ya haddace hadisinsa. Suka jefa mana ɗaya, muka farke, na ɗauka za mu tashi kunnen doki, sai wani siririn yaro ɗan shekarar farko ya ɗaga ƙwallo ta saman mai tamis, shi kuwa yana kallonta tana wucewa kamar jirgin alhazai. Baba na kan kujerar roba a gefe, yana buga sanda a ƙasa, yana ihu da Hausa, kuma wallahi ban tabbata mu yake goyon baya ba.

Aka ci mu. Muka yi magariba a nan filin, muka ɗunguma zuwa saman benen da ɗaliban ke haya a Utaibiyya. Aka ɗora tukunya a kan gas. Ni na riƙe muciya. Na yi talge lafiya lau, sai da aka zo zuba gari mai tamis ya juye shi gaba ɗaya kamar yana kwaɓa burodi. Gudaji suka tashi kamar tsakuwa. Ɗalibai sun kewaye mu suna ba da fatawa. Wani ya ce a ƙara ruwa, wani ya ce haramun ne ƙara ruwa a wannan matakin, wani ya ce akwai saɓani tsakanin malamai. Gumi na zuba a idona, kafaɗata kamar za ta cire. Miyar ma ta yi kauri har ludayi na tsayawa a ciki da kansa.

Baba bai ma san ana yi ba. Ya kama siririn yaron da ya ci mu, don ya ji daga ƙasar Katsina yake, kusa da garin da kakansa ya baro. Yana tambayarsa ko marinar nan ta bakin gari tana nan, wadda kakansa ya ce in ka doso tun daga nesa za ka ji warin baba. Yaron ya ce, "Baba, an cike ramukan tun ban yi wayo ba. Gidan kallon ƙwallo ne yanzu a wurin." Na ɗauka zai ji ciwo. Sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe can ma ƙwallo ta cinye ku."

Ana shirin zubawa sai ga ustaz ya hawo bene, yana haki, wayarsa a hannu. Ya gaida Baba da ladabi, ya juyo gare ni. "Kaftin, na ga ya fi kyau in faɗa maka baki da baki. Lajna ta zauna. Kaka mai zuwa ba ku ciki."

Na ce, "Mun ji."

Baba ya ce, "Malam, wanke hannu."

"Baba, ai ni saƙo kawai na kawo."

"Ka isar. Wanke hannu."

Ya wanke. Baba ya kai lomar farko, ya tauna, ya tauna, tuwon da bai kamata a tauna ba. Ya ce, "Na ci wanda ya fi wannan muni, amma na manta shekarar." Aka fashe da ihu. Ustaz ya ci malmala guda ya ƙara rabi, ya ce miyar ba laifi in mutum ya rufe ido. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce hukunci dai yana nan. Na ce tuwo ma yana nan, baɗi ya zo da cokalinsa.

Gola bai yi min magana ba har muka tafi Arfa. A tanti ɗaya aka sa mu rabon abinci, muna miƙa wa juna kwali, sai ranar da za mu dawo ya ce, "Da ina raga da yaron nan bai ci ku ba." Na ce na sani. Har yau in an yi maganar kofi sai ya tashi ya bar wurin, kuma ban ce ba shi da gaskiya ba. Kofin da wata ƙungiya ta ɗauka, mai yiwuwa namu ne.

Yanzu muna waje. Juma'a bayan la'asar sai dai mu je kallo. Rukuni biyu na nan yadda ustaz ya yanka su, kuma jadawali na tafiya daidai, ba a ɗage ko wasa ɗaya ba, in ji shi, kuma na yarda. Na kai wa lajna shawara: ku bar rukunanku, amma kowace ƙungiya a ba ta abokiyar gaba ɗaya daga ɗaya ɓangaren, wadda dole su haɗu duk shekara, a ranar da suka saba. Sun ce za su duba. Su duba. Basakkwace ya dawo daga hutu da sabuwar muciya ya ce tsarabata ce, Baba kuma ya riga ya aika a sayo kuka, tun ba a shiga Shawwal ba. In sun mayar da mu dauri suka sake ɗora wani wasa a kan ranar nan, sun san inda za su same ni.

Ina rubuta wannan a waya tsakanin mai sayen caja da mai sayen gilashi, don jiya wani ya sake ce min na zubar wa unguwa da kofi saboda tuwo mai gudaji. To ku da kuke karantawa, da ku ne Umma ta turo wa ƙofar kabad ɗin nan, wane fili za ku je ranar Juma'a?